Tsofaffin Taswirorin Ƙananan Garuruwan Karkara

Tsofaffin taswirorin ƙananan garuruwan karkara zane-zane ne da aka yi a ƙarnonin baya domin nuna gari tare da gonaki, makiyaya, rafuka da hanyoyin da ke kewaye da shi. Kaɗan ne daga cikinsu aka yi domin matafiya. Masu manyan filaye, masu karɓar haraji, sojoji da kamfanonin inshora su ne suka riƙa biyan kuɗin awo, saboda haka kowace taswira ta fi ba da ƙarfi ga abin da mai biyan kuɗin yake son sani, sauran kuwa ta taɓa su sama-sama ko ta bar su gaba ɗaya.

Taswirorin masu filaye

A Ingila irin waɗannan taswirori sun fara yawaita ne wajajen ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da masu ƙasa suka shiga ɗaukar masu awo domin su san iyakar abin da suka mallaka da kuɗin hayar da ya kamata ya shigo musu. Wajen shekarar 1620 masanin lissafi Edmund Gunter ya fito da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, wadda aka raba gida 100, kuma ta sauƙaƙa lissafi ƙwarai, domin fili mai tsawon sarƙa goma da faɗin sarƙa ɗaya eka guda ne cif.

Misalin da aka fi ambata shi ne taswirar ƙauyen Laxton da ke Nottinghamshire, wadda Mark Pierce ya zana a 1635, kuma take ajiye a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford. Ta nuna dubban siraran gonaki jere da juna a cikin manyan filaye marasa shinge, an ba su lambobin da ke komawa ga wani littafi mai ɗauke da sunayen masu nomansu. Pierce bai tsaya kan iyakoki kawai ba, har ya zana ƙananan hotunan mutane suna huɗa da girbi. Abin da ya ƙara mata daraja shi ne har yanzu ana noma wani ɓangare na filayen Laxton bisa wannan tsohon tsari.

Taswirorin haraji

Waɗannan suna da yawa, kuma suna da amfani ƙwarai ga mai binciken tarihin gari guda. Dokar da aka kafa a 1836 ta mayar da ushirin amfanin gona da ake ba coci a Ingila da Wales ya koma kuɗi, abin da ya tilasta auna fiye da yankuna 11,000, yawancinsu kafin 1851. Kowace gona an ba ta lamba, sannan aka haɗa taswirar da jadawalin da ya bayyana sunan mai gonar, sunan wanda yake nomanta, sunan da ake kiran gonar da shi, girmanta, ko ta shuka ce ko ta kiwo, da abin da za a biya a kanta. An yi kwafi uku, ɗaya na hukumar ushiri, ɗaya na ofishin bishop, ɗaya kuma na cocin garin. Ingancinsu ya sha bamban, domin wasu sabon awo aka yi musu, wasu kuwa tsofaffin taswirori aka kwafa don rage kashe kuɗi, kuma kaɗan ne hukumar ta buga wa hatimin daraja ta farko.

A Faransa Napoleon ya ba da umarnin yin rajistar filaye a 1807, aikin da ya kai wajen 1850 kafin a kammala shi. Daular Austriya ta fara nata a 1817, inda aka bambanta ginin dutse da jan launi, na katako da rawaya.

Awon gwamnati da na inshora

Hukumar zana taswirori ta gwamnatin Birtaniya, Ordnance Survey, wadda ake ƙirga kafuwarta daga 1791, ta auna tsibirin Ireland baki ɗaya tsakanin 1824 da wajen 1846 a ma'aunin inci shida ga kowane mil. Yadda ta rubuta sunayen wurare na harshen Irish da ƙa'idar Ingilishi batu ne da masana suka saɓa a kansa.

A Amurka dokar filaye ta 1785 ta yanka filayen gwamnati murabba'i-murabba'i, mil shida kowane gefe, kowanne kuma aka raba shi kashi 36 masu eka 640. Daga wajen 1867 kamfanin Sanborn ya riƙa zana taswirorin inshorar gobara, masu nuna kowane gini, yawan benayensa da abin da aka gina shi da shi, sai dai ba sa fita zuwa gonaki.

Yadda ake karanta su

Shekarar da aka buga taswira takan bambanta da ta awo, wani lokaci da shekaru masu yawa. Rashin ganin bukka ko turba a kan takarda ba hujja ba ce cewa babu ita a lokacin, domin abin da ba a biya masa haraji mai awo bai cika damuwa da shi ba.

Amfaninsu a yau

An ɗora da yawa daga cikinsu a intanet, kuma masu neman asalin dangi da masu shari'ar iyaka ko hanya suna komawa gare su.