Tetradarakma: Kuɗin Azurfa Mai Mujiya na Atina

Tetradarakma sulen azurfa ne da birnin Atina na ƙasar Girka ya fara bugawa a ƙarshen ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Darajarsa darakma huɗu ce, nauyinsa kuma kimanin giram 17. A ƙarshen ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ƙwararren magini yana samun darakma ɗaya a yini, don haka sule guda ladan kwana huɗu ne. Masu tara tsoffin kuɗaɗe suna kiransa "mujiya", kuma babu kuɗin tsohuwar Girka da ya kai shi suna.

A fuska ɗaya akwai kan Atena, allahiyar da mutanen birnin suke bauta wa, sanye da kwalkwali. A ɗaya fuskar mujiya ce da reshen zaitun da haruffa uku, ΑΘΕ, farkon sunan mutanen birnin. Ba kamar a ƙasar Hausa ba, inda ake tsarguwa da kukanta, a can mujiya tsuntsuwar Atena ce, alamar hikima. Bayan yaƙi da Farisa aka ƙara ganyen zaitun a kwalkwalin da jinjirin wata kusa da mujiyar.

Azurfar daga ramukan Lauriyon take, kudu da birnin, kuma bayi ne suke haƙo ta cikin azaba, abin da bai kamata mai sha'awar sulen ya manta ba. A shekara ta 483 kafin Miladiyya aka dace da azurfa mai yawa, sai Temistokilis, wani jigon siyasar Atina, ya shawo kan jama'a aka ƙera jiragen yaƙi maimakon a raba kuɗin. Da su aka karya rundunar Farisa a yaƙin ruwa kusa da tsibirin Salamis a 480 kafin Miladiyya.

Abin da ya ɗaukaka wannan sule shi ne amana. Azurfarsa tsantsa ce, kuma Atinawa sun ƙi sauya zanen har tsawon ƙarnuka, ko da salon sassaƙa ya ci gaba, domin fatake sun saba da shi. Aka riƙa karɓarsa a ƙasashe masu nisa, har aka buga kwaikwayonsa a Masar da kudancin ƙasar Larabawa. Jabu ma ya yawaita, tagulla da aka lulluɓe da azurfa. A 375 kafin Miladiyya Atina ta yi doka cewa wani bawan hukuma ya zauna a kasuwa yana tantance kuɗi. A ƙasashen gabas kuwa, mai karɓa kan sare sulen da kurfi ya ga cikinsa. Wannan sara tana rage farashi a wurin gwanjo, alhali shaida ce cewa sulen ya yi yawo a hannun mutane.

Da hannu ake buga shi, a ɗora dunƙulen azurfa tsakanin hatimai biyu a doka da guduma, saboda haka zanen yakan karkace. Masu tarawa sun fi son wanda tukkun kwalkwalin ya fito duka, suna kuma auna nauyi don gane na bogi. Takardun da ke nuna inda sulen ya fito sun fi waɗannan muhimmanci, domin haƙar ɓoye tana lalata wuraren tarihi, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba. Girka ta sa hoton wannan mujiya a sulenta na yuro ɗaya, wanda ya fara yawo a 2002.