Ba Kowane Boka Ne Ɗan Duba Ba

Da an ce wani yana faɗin abin da zai faru gobe, sai ka ji an ce ai boka ne. An daɗe ana wannan kuɗin goro, har sunan ya zama zagi. Amma asalin aikin boka magani ne: sassaƙe, saiwa, ganye, turare. Shi ya sa da likitocin asibiti suka iso ƙasar Hausa aka kira su bokan Turai, ba don suna duba ba.

Mai ikirarin sanin gaibu sunansa ɗan duba, ko malamin duba in yana da allo da tawada. Cikinsu akwai mai bugun ƙasa, wanda ke baza rairayi ya yi ta ɗige-ɗige da yatsa, ya fitar da gidaje 16 ya karanta. Wannan ba namu ba ne tun asali, Larabawa na kiransa ramli. Akwai mai watsa wuri. Akwai kuma arwa, wadda har yanzu ake yi a Masalata kusa da Birnin Konni don jin yadda damina za ta kasance.

A ganina ruɗanin ya ƙaru ne a wurin wa'azi, inda ake fassara kalmar Larabci kahin da boka. Ba laifin masu fassara kaɗai ba ne, don bokaye da yawa sun haɗa magani da duba, su ce sai an kawo baƙin zakara. Ko tsibbu ma haka ta same shi: daga kalmar Larabci ɗibbu ya fito, wato ilimin magani.