Wane "hoto" ake nufi a aikin zuciya ba yanka?

"Aikin zuciya ba tare da yanka ba" ya zama abin faɗa a 'yan shekarun nan. Da zarar an buɗe sabon sashe a asibiti za ka ji shi a bakin 'yan siyasa, masu labarai kuma su ƙara gishiri da cewa na'ura ce ke ɗaukar hoton zuciya ta gyara ta. Batun yankan mai sauƙi ne: ba a tsaga ƙirji, jijiyar jini ake ɗan hudawa a matsematsi ko wuyan hannu, a zura siririn bututun da ake kira kateta har ya isa zuciya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "hoton" nan da ake yi wa kuɗin goro.

A wajenmu eksire na wanda ya karye ne, sikanin kuma na mai juna biyu, har wasu na ɗauka ɗaya tsohon yayi ne, ɗaya sabo. A ɗakin aikin zuciya kuwa kowannensu makaho ne a inda ɗan'uwansa ke gani. Eksire mai motsi yana nuna kateta da waya da ƙashi tar, amma naman zuciya da ƙyamarenta masu hana jini komawa baya inuwa ce kawai a wajensa. Da shi Werner Forssmann ya tabbatar a 1929 a Jamus cewa bututun da ya zura ta jijiyar hannunsa ya shiga zuciyarsa. Sikanin kuwa sauti ne da kunne ba ya ji, ana aika shi ya dawo. Inge Edler da Hellmuth Hertz ne suka fara gwada shi a kan zuciya a 1953 a Suwidin, da na'urar neman tsaga a jikin ƙarfe da suka aro a wurin ƙera jiragen ruwa. Sikanin yana nuna ƙyaure yana buɗewa yana rufewa, har jinin da ke komawa baya, sai dai fagen ganinsa ƙunci ne, kuma bakin kateta kan ɓace masa. Wato ɗaya na ganin allura bai ga yadi ba, ɗaya na ganin yadi bai ga allura ba.

A ɗauki matar da ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciyarta ya tsuke. Wannan ba baƙon ciwo ba ne a ƙasashenmu, sau da yawa asalinsa ciwon maƙogwaron ƙuruciya ne da bai samu magani ba. Tun a farkon shekarun 1980 likitan Japan Kanji Inoue ya fito da hanyar buɗe shi da balan-balan. Matsalar ita ce jijiyar cinya ɓangaren dama take kai kateta, don haka dole a huda bangon da ya raba ɗakunan sama biyu a ƙetara hagu. Akwai wani ɗan wuri mara kauri a bangon, nan ake so allura ta bi. In ta kauce tana iya samun babbar jijiyar da ke fitar da jini, ko ta huda zuciya jini ya taru ya matse ta. Haƙarƙari da huhu suna tare sauti, shi ya sa akan sa majinyaciya barci a zura kan na'urar sikanin ta baki zuwa cikin hanyar da abinci ke bi, wadda ke bayan zuciya daf. A allo za ka ga bangon ya lotsa ya yi tsini inda allura ta dafa shi, kafin a ce bismillah a tura.

Likita ɗaya na riƙe da kateta, wani na riƙe da sikanin, kowa da allonsa, kuma hagun wannan ba lalle ya zama hagun wancan ba. A nan ne haɗa hotunan biyu ya shigo. Kwamfuta tana gane kan na'urar sikanin a cikin hoton eksire, ta san inda ya fuskanta, sai ta ɗora hoto a kan hoto. Mai sikanin ya sa alama a inda za a huda, alamar ta bayyana a allon mai kateta. EchoNavigator na kamfanin Philips misali ne.

Ni dai a ganina taimako ne na gaske, amma an cika kambama shi. An daɗe ana wannan aiki da allo biyu, kuma gwanin sikanin ya fi injin wuyar samu. Yawancin buɗe toshewar jijiyoyin zuciya ma da eksire da ruwan rini ake yi, ba ruwansu da wannan haɗin. Kuma tunda eksire na ciki, tururinsa na nan: ma'aikata na sa rigar dalma, mai juna biyu kuma sai ta faɗa tun kafin a fara.