Safarar 'yan mata don lalata a Abuja

Safarar 'yan mata don lalata ita ce raba yarinya da gidansu ta hanyar yaudara, tilas ko bashi, a kai ta inda za a riƙa cinikin jikinta, wani yana karɓar kuɗin. Idan ba ta kai shekara 18 ba, ko da bakinta ta ce ta yarda, doka ba ta wanke wanda ya ɗauko ta. Abuja na cikin biranen da ake kawo irin waɗannan yara, kuma zango ce ga wasu da za a wuce da su ƙetare.

Talauci ne ke buɗe ƙofar. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma ya fi tsanani a karkara da Arewa. Rikici ya ƙara dagula lamarin: iyalan da Boko Haram ta koro daga Gwoza sun shafe shekaru a sansanonin Durumi da Kuchingoro da ke Abuja, ba gona ba sana'a.

Ba kasafai baƙo ke zuwa ɗaukar yarinya ba. Galibi dillaliya ce 'yar gari, wadda uwar ta sani, wani lokacin ma 'yar uwa. Za ta zo da turmin atamfa da ɗan kuɗin cefane, ta ce wata Hajiya a Abuja na neman mai wanke-wanke, kafin shekara yarinya ta haɗa kayan ɗakinta. Uwar da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba, da wuya ta tsaya bincike. Da yawa aikatau ɗin suke yi da gaske, albashin yana bi ta hannun dillaliya. Wasu kuwa hannun magajiya ake miƙa su, a ƙananan otal-otal na gefen birni. Nan za a karɓe wayar yarinya, a lissafa mata kuɗin mota, na ɗaki, na abinci da na sutura, a ce bashi ne. Bashin ba ya ƙarewa, domin mai binsa ce ke riƙe da lissafin. Kiran wannan yarinya karuwa zalunci ne a kan zalunci.

Masu ƙetarewa kan bi ta Agadas zuwa Libiya, sannan Italiya. Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga matan Najeriya 11,009 da suka isa Italiya ta teku a 2016, akasarinsu daga kudu, musamman jihar Edo, ta kuma ƙiyasta kashi 80 cikin 100 na iya zama waɗanda aka yi safararsu.

A 2003 aka kafa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane mai hedikwata a Abuja, bayan fafutukar ƙungiyar yaƙi da fataucin mata da bautar da yara, WOTCLEF, ta Hajiya Titi Abubakar. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 7 ga wanda ya jefa ƙaramar yarinya cikin wannan harka. Hukumar na da gidajen ajiye waɗanda aka ceto da layin kai rahoto, 627.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan ceto. Iyaye kan janye ƙara don gudun abin kunya, ko don dillaliyar tasu ce, a ce a bar maganar a gida. Yarinyar ta koma ƙauyen da yunwa ta fito da ita, ga tsangwama, ga rashin mai neman aurenta, shi ya sa wasu ke sake faɗawa hannun wata dillaliyar.