Shin da gaske an hana sayar da Ampiclox da Flagyl a kemis?

Maganar tana ta yawo a Katsina cewa gwamnati ta haramta magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Ampiclox da Flagyl, har wai duk wanda aka gani da kafso a aljihu za a kama shi. Ba haka ba ne. Maganin yana nan, kuma ƙa'idar ba mai saye take nema ba.

Da mai sayarwa take magana. Dokar Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna, PCN, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022, ita ce ta ba hukumar ikon sa ido kan famasi da ƙananan kemis.

Inda ake ruɗewa shi ne bambancin waɗannan biyun. Famasi akwai ƙwararren mai harhaɗa magani a ciki, yana iya ba ka Ampiclox idan ka kawo takardar likita. Mai ƙaramin kemis kuwa lasisinsa ya tsaya ne kan jerin magungunan da aka amince masa, irin su Panadol da gishirin zawo. Idan ya tsallake jerin, ko ya koma yin allura a bayan kanta, hukuma na iya garƙame shagon, ta ƙwace lasisi. Ba kowane kemis za a rufe ba, sai wanda ya wuce gona da iri.

Dalilin kuma mai nauyi ne. Mutum ya zo da mura, a yanko masa kafso huɗu da almakashi, alhali mura ba ta jin wannan magani. Wani ya sha na kwana biyu, ya ji sauƙi ya ajiye sauran. Da haka ƙwayoyin cuta ke samun damar bijirewa, ran da ciwo ya yi tsanani maganin ya ƙi ci. Binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya cikin 2019 kaɗai.

Ina goyon bayan ƙa'idar, amma akwai inda take min ciwo. Mutumin Ƙofar Ƙaura zai iya hawa Keke Napep ya ga likita. Uwar da ɗanta ke numfashi da ƙyar cikin dare a ƙauyen Batsari ko Safana fa, inda rashin tsaro ya kori ma'aikatan lafiya, wa zai rubuta mata takarda? Kafin a matsa wa mai kemis na can, a fara kai mata ma'aikacin lafiya.