Panmunjom

Panmunjom tsohon ƙauye ne da ke kan iyakar Koriya ta Arewa da Koriya ta Kudu, kimanin kilomita 50 arewa maso yamma da birnin Seoul, kuma wajen kilomita 10 gabas da Kaesong. Kafin Yaƙin Koriya ya ɓarke ranar 25 ga Yuni, 1950, 'yan gidajen manoma ne kawai a bakin hanya.

Zaman sulhu ne ya fito da sunansa. A Kaesong aka fara tattaunawa a watan Yulin 1951, amma da yake garin yana hannun 'yan Arewa, sai aka dawo da zaman Panmunjom a watan Oktoba, inda aka kafa tantuna a fili. Wakilai suka shafe kusan shekara biyu suna ja-in-ja, sojoji kuwa na ta mutuwa a kan duwatsu. Babban abin da ya hana ruwa gudu shi ne fursunonin yaƙi: a mayar da kowa gida ko yana so ko ba ya so, ko a bar shi ya zaɓa?

Ranar 27 ga Yuli, 1953, Laftanar Janar William Harrison na rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke mara wa Kudu baya, da Janar Nam Il, mai wakiltar Koriya ta Arewa da dakarun Sin, suka sa hannu kan yarjejeniyar tsagaita wuta ba tare da sun ce wa juna uffan ba. Shugaban Kudu, Syngman Rhee, ƙememe ya ƙi sa hannu. Har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba.

Ƙauyen kansa ya zama kufai. Zauren da aka sa hannun yana ɓangaren Arewa, an mai da shi gidan tarihi. Wurin da ake kira Panmunjom yanzu filin tsaro ne na haɗin gwiwa da ke kusa, mai ɗakuna shuɗɗa da layin iyaka ya ratsa ta tsakiyarsu. Tsakanin ɗakunan, wani ɗan dakalin siminti ne iyakar, wanda ko yaro zai tsallake.

Da can sojojin ɓangarorin biyu na cuɗanya a filin, har ranar 18 ga Agusta, 1976, da 'yan Arewa suka kashe hafsoshin Amurka biyu da gatari saboda sassabe rassan wata bishiya. Daga nan aka ce kowa ya tsaya gefensa. Wancan dakalin simintin ne shugaban Arewa, Kim Jong Un, ya tsallako a watan Afrilun 2018 don ganawa da shugaban Kudu na lokacin, Moon Jae-in, shi kuma Donald Trump ya ƙetara zuwa Arewa ranar 30 ga Yuni, 2019.