Idan ƙaton kare ya kwanta ya kasa tashi, kuma ba kowa a gida sai kai

Karnukan da ake ajiyewa a gidajen Kumasi yanzu ba irin ƙananan karnukan farauta ba ne da muka tashi muka gani, waɗanda yaro zai sunguma da hannu ɗaya. A sababbin gidajen Asokore Mampong da Kenyase, da ɗakunan ajiyar kaya, da filayen masu tsofaffin ƙarafa na wajen Akwatia Line, abin da ke bayan ƙofa Boerboel ne, ko Rottweiler, ko karen Jamus. Namijin Rottweiler yakan kai kilo 50, buhun siminti guda ke nan, sai dai wannan buhun yana da haƙora. Boerboel ya fi haka, wani har ya haura kilo 70. Ranar da irin wannan dabba ta kwanta ta ƙi tashi, galibi Alhaji ya yi tafiya, gidan ya rage daga Hajiya sai Baba maigadi. A zango kuwa kowa ya sani, in akuya ce ta faɗa kwata, kafin ka ƙifta ido samari sun cika wurin, amma in ka ce kare ne, kowa sai ya tuna yana da alwala. Karen gadi ma ba ya yarda da hannun baƙo. Saboda haka mu malaman dabbobi muke son mai kare ya san yadda zai yi shi kaɗai.

Kafin ka taɓa shi, tsaya daga nesa ka dube shi. Mutane sun ɗauka mahaukacin kare shi ne wanda ke bin titi yana cizon duk abin da ya gani. Akwai wani nau'in haukan da ba ya zuwa da faɗa ko kaɗan. Ƙafafun baya kan mutu, muƙamuƙin ƙasa ya saki, baki ya zauna a buɗe, yawu na dalala, muryar haushinsa ta canja, ya kasa haɗiyar ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ya zura hannu zai ciro. Ta nan ake ɗaukar cutar, domin a yawu take, kuma ɗan ƙwarzane a yatsa ya ishe ta shiga. Ciwon haukan kare yana nan a Ghana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a.

To, in karenka bai yi allurar rigakafi ba, ko shekara ta zagayo ba a sabunta ba, ko wani kare ya cije shi a 'yan makonnin baya, sannan ka ga waɗannan alamu, ba kai za ka kai shi asibiti ba. Rufe shi inda yake, kori yara da kaji da awaki, ka kira ma'aikatan dabbobi na gwamnati su zo. Guba ma tana sa yawu da karkarwa, musamman irin maganin feshin gona da ɓarayi kan zuba a nama su jefo ta katanga. Rarrabe su da ido aikin likita ne. Kai dai ka ɗauka hauka ne har sai an ce maka ba shi ba ne.

In katin rigakafinsa na nan daidai, kuma bakinsa lafiya lau, sai ka ɗauki waya kafin ka ɗauki komai. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Amakom, akwai makarantar likitancin dabbobi a jami'ar KNUST, ga kuma likitoci masu zaman kansu da wasunsu kan zo har gida. Ɗauki ɗan gajeren bidiyo ka tura ta WhatsApp, a ga yadda yake numfashi da yadda ya kwanta. Sau da yawa wannan kiran yakan sauƙaƙe komai, likita ya zo ya yi masa allurar da za ta kwantar da shi, a ɗauke shi ba kokawa. Ko da kai ne za ka kai shi, ya kamata su san kana tafe, kada ka ratsa cunkoson Anloga Junction ka tarar da ƙofa a kulle.

Likita zai tambaye ka abubuwa kaɗan, ka duba su tun yana kan waya. Sa safar hannu, ko ka zura hannunka cikin leda biyu, ka ɗaga leɓensa ta gefe. Dasashin lafiyayyen kare ja-ja ne mai haske, in ka danna ka saki, jinin ya dawo kafin daƙiƙa 2. In ya yi fari fat, jini ne ya ƙare ko yake zuba a ciki. Kaska na kawo haka, musamman da damina, har fitsari ya yi duhu. Maganin ɓera ma haka, kuma shi yakan yi kwana 3 zuwa 5 kafin ya nuna kansa, lokacin da kowa ya manta an zuba. Sai ka dubi ciki. In ya kumbura ya yi tauri, kare na yunƙurin amai ba abin da ke fitowa, tumbi ne ya cika da iska ya murɗe. Wannan ciwon manyan karnuka ne masu zurfin ƙirji, kuma al'adarmu ta cika masa kwano da ragowar shinkafa da dokunu sau ɗaya a rana tana taimaka masa. Sa'o'i kaɗan yake bayarwa, ba ya jiran Alhaji ya dawo.

Zafi kuma nasa daban ne, domin shi a gida ake fara maganinsa. A watan Fabrairu da Maris, kejin siminti mai rufin kwano yana dafa kare da ransa. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya kai 41 kayan ciki sun fara lalacewa. Za ka gan shi harshe a waje, numfashi sama-sama, jiki kamar wuta. Ja shi inuwa, kwarara masa ruwan famfo a ciki da hammata da tafin ƙafa, kunna fanka, sannan ku kama hanya. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul ka bari, tawul ɗin riƙe zafin yake yi.

Yanzu sai takunkumi. Kare mai ciwo yana cizon ubangidansa, ba don ya daina saninsa ba, azaba ce. Samo bandeji ko ka yage tsohon zane, tsawon hannu biyu. Yi masa zarge mai faɗi, ka zo ta bayan kansa kana yi masa magana da muryar da ya saba, ka zura zargen a kan hancinsa, ka ja ya kama, ka sauko da bakin ƙyallen biyu ƙarƙashin haɓa ka gitta su, ka ɗaure a bayan kunnuwa da ƙullin da za ka iya warwarewa da ja ɗaya. Amma ba a ɗaure bakin karen da ke amai, ko wanda numfashi ke yi wa wuya, ko wanda zafi ya buge, ko wanda ya suma. Irin waɗannan sai ka yafa masa tawul a ido sama-sama, ka tsare hannunka da fuskarka daga wajen kansa.

Babban kuskuren da muke gani shi ne ɗagawa. Mutum ya rungumo ƙirji, ƙugu na reto a ƙasa, ko ya kama ƙafafun gaba yana ja. In mota ce ta buge shi, ko ya faɗo daga bene, ko ƙashin baya ya goce, wannan reton shi ke ƙarasa tsinka lakar, karen da zai iya warkewa ya zama gurgu har abada. Kai ma ka tashi da ciwon ƙugu. Ƙaton kare ba a ɗaga shi, shimfiɗa ake sa masa a ja shimfiɗar.

In ba ka zargin baya, tamfol ya isa, ko bargo mai kauri, ko buhunan shinkafa da aka farke. Durƙusa ta bayansa, ba ta wajen ƙafafu ba. Naɗe rabin tamfol ɗin a tsaye, ka cusa naɗin a jikin bayansa daga wuya har wutsiya. Kama fatar da ke kan kafaɗa, mai laushin nan da ke cika hannu, ka jawo shi taƙi ɗaya. Koma ƙugu, kama fatar wurin, jawo taƙi ɗaya. Kafaɗa, ƙugu, kafaɗa, ƙugu, a hankali, har ya hau tsakiya, sannan ka zagaya ka warware naɗin. Tattara kusurwa biyu na wajen kai, lanƙwasa gwiwa, miƙe bayanka, ka ja da baya-baya. A kan tayil ko siminti za ka yi mamakin sauƙinsa.

In kuwa kana zargin baya, wato ya yi kuka da ka taɓa gadon bayansa, ko ƙafafun baya sun saki gaba ɗaya, ko fitsari na zuba bai sani ba, to abu mai tauri kake bukata: falankin filawud, ko tsohuwar ƙofa, ko saman tebur. Mafi siriri ya fi, don ya fi shiga ƙarƙashinsa. Haka za ka jawo shi, taƙi-taƙi, kana kula kai da wuya da baya su zauna a layi ɗaya. Ɗaure shi da zane a kafaɗa da ƙugu, ban da wuya da ciki. Sa bargo ƙarƙashin katakon don ya yi santsi. Baro shi kaɗai bai dace ba, kwarinsa lanƙwasa kare yake yi, sai dai a ɗora katakon a samansa a ɗaure.

Akwai kuma karen da gabansa ke da ƙarfi, baya ne kawai ya gaza, kamar tsofaffin karnukan Jamus masu ciwon ƙugu. Shi zura masa tawul za ka yi ƙarƙashin mara, ka riƙe bakin biyu a sama, ka ɗauke masa nauyin baya, ya taka da na gaba. Ban da wanda cikinsa ya kumbura.

Lungunanmu na Aboabo da Asawase ba mota ke shiga ba, ga kwata a buɗe, ga dakali. Share hanya tun kafin ka fara ja, ka gitta katako a kan kwata. Matakala kuwa ka bar katakon ya zame a kan gefenta, kansa na sama, kai kana ƙasa kana tarewa. Game da mota, ka gaya wa direba gaskiya tun a waya cewa kare ne, ƙato, ba shi da lafiya. Direban Bolt ko tasi da ya zo ya gani da idonsa juyawa zai yi, ka yi asarar rabin sa'a. Ni aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na fi so a wannan aikin: bayanta a shimfiɗe yake, ƙofar baya na sauka, masu ita kuma sun saba da ɗaukar tumaki. Pragya, mai ƙafa ukun nan ta ɗaukar fasinja, ta yi ƙunci. Shimfiɗa kwali ko tsohuwar katifa don ƙarfen yana ƙuna da rana, ka yi masa inuwa. Wajen lodi, ɗaga ƙarshen katakon na wajen kai ka ɗora a bakin motar, ka zagayo ka ɗaga ɗaya ƙarshen ka tura. Ta haka kusan rabin nauyin kawai kake ɗauka a lokaci guda. Mai juna biyu da mai ciwon baya kada su gwada ko wannan, su jira direba.

Maganar alwala da na taɓo, malamai sun fi ni sani, amma a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma kowa ya ji hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, ba sai ya taɓa kare ba. Ce masa, "Ɗan uwa, riƙe min bakin katakon nan kawai," ko "Baba, a taimaka a buɗe ƙofa a kira mai aboboya." Da wuya a ƙi ka.

Don Allah a daina ɗura manja. Kusan duk karen da aka kawo mana da zargin guba, bakinsa ja wur da manja yake zuwa. Manja ba ya kashe guba, kuma karen da ba ya iya haɗiya, huhunsa man ke tafiya. Haka madara, haka ruwan gishiri. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin ibuprofen da diclofenac, suna huda tumbin kare su lalata ƙodarsa, paracetamol ma ba a ba shi sai da awon likita. Abinci ma a dakata, wataƙila aiki za a yi masa.

A hanya ka zauna ta bayansa, hannunka a kafaɗarsa, idonka a kan numfashinsa. In ya fara yunƙurin amai, warware takunkumin nan take, ka bar kansa ya ɗan yi ƙasa. Direba ya bi a hankali a kan ramuka. Ka taho da katin rigakafi, da kwalin duk wani maganin ɓera ko na feshi da ke gidan. In maciji kake zargi, kada ka ɗaure ƙafar, kada ka tsaga, ka dai lura da lokacin da abin ya faru. In kun isa, bar shi a motar, shiga ka kira ma'aikata su sauke shi da kayan aikinsu.

Kai kuma ka duba hannuwanka. In haƙori ya taɓa ka, ko yawunsa ya shiga wani rauni ko ido, wanke wurin da ruwa mai gudu har minti 15, da sabulu in a fata ne, ka tafi asibitin Manhyia ko Komfo Anokye a ranar, ka gaya musu kare ne, su duba ko kana bukatar allura. Sanar da likitan dabbobin shi ma, domin karen da ya ciji mutum ana sa masa ido kwana 10.